Giɓin Santimita 23: Dashen Jijiyar da Aka Yi a Toronto a 1988

A shekarar 1988 aka kai wa likitar tiyata Susan Mackinnon wani yaro ɗan shekara 8 a birnin Toronto na ƙasar Kanada. Farfelar jirgin ruwa mai inji ce ta kama masa ƙafar hagu, ta datse babbar jijiyar da ke fitowa daga ƙugu ta ratsa ɗuwawu ta gangara ta bayan cinya. Da yankan wuƙa ne, da sai a kamo bakin nan da bakin can a ɗinke. Farfela kuwa sara take yi tana maimaitawa, ta daddatsa nama ta yi gaba da wani. Giɓin da ya rage tsakanin bakin jijiyar na sama da na ƙasa ya kai santimita 23, wato kimanin taƙi guda na babban mutum, a cinyar yaron da bai wuce aji uku na firamare ba.

Sai na ɗan tsaya a kan kalmar jijiya, domin mu Hausawa abubuwa uku muke kira da ita: wadda jini ke bi, da wadda ke ɗaure tsoka da ƙashi irin ta agara, da kuma wadda ke ɗaukar saƙo tsakanin laka da gaɓoɓi. Ta ukun ake nufi a nan. Wannan ta cinya ita ce mafi kauri a jikin mutum, faɗinta ya kai na babban yatsa. Ita ce wadda allurar da aka soka ba a wurin da ya dace ba a ɗuwawun yaro take taɓawa, a wayi gari yaro yana jan ƙafa, abin da asibitocinmu suka sha gani. Idan ta yanke gaba ɗaya, kusan duk abin da ke ƙasa da gwiwa ya daina motsi, tafin ƙafa kuma ya daina jin komai.

Rashin motsin shi ne abin da ido ke gani, amma rashin jin ne ke cinye ƙafa. Duk wanda ya san kuturta ya san wannan. Ba cutar ce ke gutsure yatsu da kanta ba, mutum ne yake taka ƙaya ko garwashi bai sani ba, ya ci gaba da tafiya a kan rauni har ya zama gyambo, gyambon ya kai ga ƙashi. Ƙafar yaro mai guje-guje da ba ta jin zafi, ƙarshenta sau da yawa yankewa ne. Da wannan barazanar aka auna duk shawarar da aka yanke daga baya.

Jijiyar saƙo kamar igiya take wadda aka tufka da dubban siraran zare. Kowane zare reshe ne na wata ƙwayar halitta da ke zaune can a laka ko a gefenta. Idan aka yanke shi, sashen da ya rabu da uwarsa yakan ruɓe cikin 'yan kwanaki, abin da Augustus Waller ya bayyana tun 1850 bayan gwajin da ya yi a kan kwaɗi. Sai dai kuben da zaren yake ciki ba ya rushewa. Akwai wasu ƙwayoyin halitta da ke naɗe da zaren, ana kiran su ƙwayoyin Shuwan, sunan Bajamushen masani Theodor Schwann. Da zarar zaren ya mutu sai su share tarkacensa, su yi sahu a cikin kuben, su riƙa fitar da sinadaran da ke kiran sabon tsiro daga sama. Sabon zaren yana tafiya kimanin milimita ɗaya a rana, inci guda a wata. Ita kuma tsokar da ke jiransa ba ta da haƙurin da ya wuce wata 12 zuwa 18. Bayan nan sai ta motse ta koma tabo da kitse, ko zaren ya iso ba zai tarar da mai amsa masa ba.

To idan akwai giɓi fa? Jawo bakunan biyu da ƙarfi don a haɗa su ba ya yi. Jijiyar da aka ɗinke tana ɗame, jini ba ya ratsa ta sosai, tabo ya cika wurin ɗinkin. Likitan tiyata Hanno Millesi na birnin Biyana a ƙasar Ostiriya ya kafa wannan ƙa'ida a farkon shekarun 1970: gara a sa gada a yi ɗinki biyu a sake, da a yi ɗinki ɗaya a ɗame. Gadar da aka saba amfani da ita daga jikin majiyyacin ake ciro ta, galibi wata siririyar jijiya da ke bayan ƙwauri wadda aikinta jin taɓawa ne a gefen ƙafa. Mutum na iya rayuwa ba tare da ita ba, illa dai ɗan wurin zai daina jin taɓawa. A babban mutum ana samun santimita 30 zuwa 40 daga kowace ƙafa.

A nan lissafi ya ƙi. Jijiyar ƙwaurin siririya ce ƙwarai, ta cinya kuwa kauri gare ta, don haka sai an jera guntaye da yawa gefe da gefe kafin su cika fuskarta. Ba kuma za a ɗauko kakkaura guda ɗaya a dasa ba ko da akwai, saboda abin dashen ba shi da jinin kansa a kwanakin farko, daga naman da ke kewaye yake sha, kuma mai kauri tsakiyarsa mutuwa take yi kafin jini ya kai. Yaron nan yana buƙatar sili goma, kowanne santimita 23. Jimla santimita 230 ke nan. Ko an kwashe na ƙafafunsa biyu an haɗa da na hannu, ba za a je ko kusa ba.

Mackinnon da abokin aikinta Alan Hudson, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, sun yanke shawarar ɗauko jijiyoyin daga jikin wani mamaci da aka ba da gaɓoɓinsa. Tunanin ba sabo ba ne. Tun ƙarni na 19 likitoci suke gwada dasa jijiyar wani a jikin wani, kuma kusan kullum garkuwar jiki ce take far wa baƙon nama ta hallaka shi. Abu biyu ne suka canza a shekarun 1980. Na farko, maganin saikulosiforin mai danne garkuwar jiki ya shigo, wanda ya sa dashen ƙoda da zuciya suka zama aikin yau da kullum. Na biyu, kuma shi ne ainihin gudummawar waɗannan likitoci, shekarun da suka yi suna gwaji a kan ɓeraye da birai sun nuna musu cewa jijiya ba kamar ƙoda ba ce.

Ƙodar da aka dasa har abada ta wani ce, shi ya sa mai ita zai sha maganin danne garkuwa har ƙarshen rayuwarsa. Jijiyar da aka dasa kuwa aro ce. Zaren mamacin ya riga ya mutu, ba shi ake so ba. Abin da ake so shi ne kuben, da ƙwayoyin Shuwan ɗin da ke cikinsa su yi wa sabon tsiro rakiya. Zaren da zai ratsa gadar na yaron ne, daga lakarsa ya taso. A hankali kuma ƙwayoyin Shuwan nasa suna shigowa ta baki biyu suna maye gurbin na baƙon. Idan zaren ya ƙetare, ƙwayoyin gida suka mamaye wurin, babu sauran wani baƙo da garkuwar jiki za ta yaƙa, sai a janye magani. Kamar katakon da magina ke tokare dakin siminti da shi ne, idan siminti ya kama sai a zare.

Haka aka yi. An jera sili goma na jijiyar mamacin a cinyar yaron, aka ɗinke kowane baki a ƙarƙashin madubin tiyata da zaren da ya fi gashin kai sirantaka. Aka ɗora shi a kan saikulosiforin, ya sha kimanin shekara biyu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga yaro. Maganin yana iya taɓa ƙoda, ya hau da jini, ya kumbura dasashi, ya kuma buɗe ƙofa ga cututtukan da yaro mai lafiya zai shanye ba tare da kwanciya ba. An ɗora wa yaron da rayuwarsa ba ta cikin haɗari maganin da aka tanada don masu neman tsira da rai, saboda ƙafa. Akwai likitocin da har yau za su ce farashin ya yi tsada, kuma ban ga laifinsu ba.

A irin wannan jinya ana bin tafiyar zaren ne da yatsa. Likita yakan ƙwanƙwasa fata a kan hanyar jijiyar, inda majiyyaci ya ji wani abu kamar lantarki ya tsarga masa, nan ne bakin tsiron ya kai. Wata bayan wata wurin yana matsawa ƙasa, ana sa alama ana aunawa. Gadar kaɗai, idan an yi sa'a zaren bai tsaya ko'ina ba, tafiyar kwana 230 ce, kusan wata takwas. Kuma yana tsayawa, domin kowane wurin ɗinki sai ya ci makonni. Daga ƙarshen gadar zuwa tsokokin ƙwauri wata tafiyar ce, zuwa tafin ƙafa kuma wata.

Da suka wallafa sakamakon a 1992, bayan an daɗe da janye maganin, ga abin da aka samu: jin taɓawa da jin zafi sun dawo a ƙafar, gwargwadon da zai sa yaron ya san ya taka abu mai kaifi ya janye. Jin bai gushe ba bayan daina magani, wanda shi ne abin da gwajin dabbobi ya yi hasashe. Motsi kuwa bai dawo ba. Tsokokin da ke ɗaga ƙafa da masu tura ta ƙasa ba su farfaɗo ba.

Dalilin wannan rabin nasara yana cikin lissafin da ya gabata. Na'urorin jin taɓawa da ke cikin fata suna da dogon haƙuri, ko bayan shekaru zare ya iso suna iya karɓarsa. Tsoka ba ta jira. Ga kuma wata matsalar: a bakin ɗinki ba mai nuna wa kowane zare tsohuwar hanyarsa. Zaren motsi yana iya faɗawa kuben da zai kai shi fata, zaren jin taɓawa kuma ya nufi tsoka, duka biyun sun yi asarar tafiya. A jijiya mai gauraye kamar ta cinya, wannan ɓatan kai yana cin kaso mai yawa.

A ganina aikin ya biya. An shiga tiyatar ne don kada a yanke ƙafa, kuma ba a yanke ba. Ƙafar da ba ta ɗaguwa ana iya tallafa mata da abin roba da ake sawa cikin takalmi ya riƙe idon sawu, amma babu abin da za a saya a kasuwa ya maye gurbin jin zafi. Sai dai wanda ya ce an mayar wa yaron ƙafarsa kamar da, ya yi ƙari.

Mackinnon ta koma Jami'ar Washinton da ke birnin St. Louis a Amurka a 1991, ta ci gaba da wannan aiki. A 2001 ita da abokan aikinta suka fitar da bayanin majiyyata bakwai. Zuwa lokacin sun ƙara dabaru: ana ajiye jijiyar kwana bakwai a cikin ruwan adana gaɓoɓi mai sanyi kafin dashe, abin da ke rage yadda take tsokano garkuwar jiki, wasu kuma an ba su takrolimus, maganin da aka gano yana ƙara wa tsiron zaren sauri baya ga danne garkuwa. Mutum ɗaya jikinsa ya ƙi dashen. Sauran shida sun sami jin taɓawa, uku daga cikinsu har da motsi. Mutum bakwai cikin shekara goma. Adadin kansa ya nuna cewa wannan ba hanyar da za a bi da kowa ba ce.

Tambayar da ta fito daga nan ita ce ta buɗe wa injiniyoyin nama kasuwa, wato masu ƙera madadin sassan jiki a ɗakin gwaji. Tunda gada kawai ake so, me zai hana a ƙera ta?

Amsa ta farko ita ce bututu. Shi ma tsohon tunani ne, tun 1880 Themistocles Gluck ya gwada da ƙashin da aka narkar wa ƙarfi. A farkon shekarun 1980 Göran Lundborg na ƙasar Suwidin da abokansa suka nuna abin da ke faruwa idan aka cusa bakin jijiya biyu a cikin bututun silikon aka bar fili a tsakani. Ruwa ne ke fara cika wurin daga bakunan biyu. Cikin mako guda sai wani zaren daskararren jini ya miƙe daga wannan baki zuwa wancan, ƙwayoyin Shuwan da ƙananan jijiyoyin jini su hau kansa, sabon tsiro ya biyo baya. A ɓera wannan yana aiki a giɓin milimita 10, a milimita 15 kuma ya gaza. Zaren jinin yana sirancewa a tsakiya, idan tazara ta yi yawa sai ya tsinke ko ya ƙi haɗuwa. Silikon ba ya narkewa, wani lokaci sai an koma an cire shi, don haka aka juya ga kayan da jiki ke shanyewa. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wani bututu mai suna Neurotube a 1999, wanda aka yi da irin sinadarin zaren ɗinkin da ke narkewa a ciki, sannan NeuraGen na kolajin (sinadarin da ke gina fata da agara) a 2001, wasu suka biyo baya. Dukkansu iyakarsu wajen santimita 3 ce, kuma inda suka fi amfani shi ne siraran jijiyoyin yatsa masu ƙaramin giɓi. Yaron Toronto yana buƙatar kusan ninki takwas na wannan.

Amsa ta biyu ta fi kusa da aikin 1988. Tunda ƙwayoyin mamacin ne garkuwar jiki ke yaƙa, a wanke su a bar kuben. Daga binciken Christine Schmidt a Jami'ar Teksas da ke Austin, wadda ta tsara yadda za a wanke ƙwayoyin ba tare da rusa siraran hanyoyin ciki ba, da na David Muir a Jami'ar Fulorida, wanda ya yi amfani da wani sinadari ya cire abubuwan da ke hana tsiro wucewa, kamfanin Axogen ya fitar da Avance a 2007. Jijiyar mutum ce ta gaske, wankakkiya, a daskare take zuwa, likita ya narkar ya yanka daidai giɓin. Ba a shan maganin danne garkuwa, ba a kuma yanka ƙwaurin majiyyaci. Ta fi bututu fanko, domin hanyoyin suna nan a shimfiɗe. Amma mafi tsawon da ake sayarwa santimita 7 ne.

Me ya sa ta tsaya a nan? Amsar ta fito daga ɗakin binciken St. Louis ɗin dai. A 2013 suka nuna a ɓeraye cewa idan wankakkiyar jijiya ta yi tsawo, ƙwayoyin Shuwan na gida da ke shigowa don cika ta sai sun yi ta rabuwa suna hayayyafa, har su gaji su tsufa kafin su kai tsakiya. Tsofaffin ƙwayoyi ba sa kiran tsiro, sai zaren ya tsaya a hanya. Wato abin da aka wanke don a huta da magani, shi ne abin da doguwar gada ba ta iya yi ba tare da shi ba. Yaron 1988 ya sha maganin shekara biyu ne don a raya masa waɗannan ƙwayoyi na aro har nasa su iso.

Shi ya sa bincike ya koma kan yadda za a zuba rayayyun ƙwayoyi a cikin gada, amma na majiyyacin kansa. Wani abin mamaki, farfela ce ta sake kawo majiyyaciyar farko. A birnin Miyami na Amurka, likita Allan Levi da abokan aikinsa sun karɓi wata mace 'yar shekara 25 da farfelar jirgin ruwa ta yanke mata wannan jijiya ta cinya, giɓin santimita 7.5. Suka ɗebi ƙwayoyin Shuwan daga jikinta, suka raine su a ɗakin gwaji kimanin wata guda har suka zama miliyoyi, sannan suka yi mata gada da jijiyar ƙwaurinta, suka zuba ƙwayoyin, suka naɗe da shimfiɗar kolajin. Rahoton da ya fito a 2016 ya nuna jin taɓawa ya fara dawowa, motsi ma ya dawo a wasu tsokoki. Sai dai mutum ɗaya ce, giɓinta sulusin na yaron ne, kuma an sa mata jijiyar jikinta wadda dama tana aiki ita kaɗai. Ba yadda za a raba a ce ga rabon ƙwayoyin da aka raina, ga na gadar.

Ana nan ana gwada wasu abubuwan: bututu masu siraran zaruruwa a jere a ciki, masu sakin sinadaran kiran tsiro a hankali, waɗanda ake bugawa da na'ura daidai siffar jijiya, da ɗan jona lantarki na sa'a guda a lokacin tiyata don zaburar da tsiron. Mafi yawan labaran nasarar da ake karantawa a kansu a jikin ɓera ne, a giɓin santimita ɗaya ko ɗaya da rabi, kuma ɓera dabba ce da jijiyarta ke warkewa da sauƙi fiye da ta mutum. Duk lokacin da na ga kanun labari an ce an ƙera jijiya a ɗakin gwaji, abu biyu nake fara nema: tsawon giɓin, da dabbar da aka yi wa.

Su kansu likitocin tiyata ba su zauna jiran injiniyoyi ba, sun kewaye matsalar. A 1994 Christophe Oberlin a birnin Faris ya nuna cewa idan jijiyar da ke lanƙwasa gwiwar hannu ta mutu daga can sama, ana iya tsago ɗan sashe daga wata lafiyayyar jijiya da ke wucewa kusa da tsokar a jona mata kai tsaye. Tafiyar shekara ta koma ta 'yan watanni, tsoka ta sami saƙo kafin ta motse. Mackinnon ta zama ɗaya daga cikin manyan masu faɗaɗa wannan dabara, kuma a raunukan hannu dabarar ta canza sakamako ƙwarai. A ƙafar da babbar jijiyar cinya ta yanke gaba ɗaya kuwa, lafiyayyun jijiyoyin da za a ara kaɗan ne, domin kusan duk na ƙasa da gwiwa rassanta ne.

Da za a kawo yaro mai irin wannan rauni yau, a asibitin da ya fi kowanne kayan aiki, bututu ba zai yi masa ba, wankakkiyar jijiya ba ta kai tsawon ba, ta jikinsa ba ta isa ba. Likita zai kwashi abin da ya samu daga ƙwaurinsa ya ba sashen da ke kai ji ga tafin ƙafa fifiko, ya duba ko akwai reshen da za a jona ƙasa, ya tanadi juya agara, wato sauya wa lafiyayyar tsoka wurin kamu don ta yi aikin wadda ta mutu, ko abin tallafin idon sawu saboda motsi. Idan kuma ya dage sai ya cike giɓin duka, zai koma ga jijiyar wani mutum da maganin danne garkuwa, kamar yadda aka yi a 1988.